Fitilar tsohuwar Hilux ta yi rauni: a sa LED ko a fara duba waya?

Mai Dankali: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Shawara nake nema. Hilux ɗina ƙirar 1995 ce, mai dizal, da ita nake kwaso dankali daga Bokkos zuwa Farin Gada, wani lokaci har Abuja. Inji lafiya lau, amma fitilun gaba sun zama abin tausayi. Ko ful na sa, hasken ja-ja yake fitowa, kuma ba ya zuwa ko'ina. Na canza ƙwan duka biyu, babu abin da ya ƙaru. Yaran gareji sun ce in sa LED kawai in huta. Masana, me kuka gani?

Ɗan Rikkos: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaran nan gaskiya suka faɗa maka. Zamanin halojin, ƙwan nan mai zare a ciki, ya wuce. Ni tunda na sa LED a tawa dare ya koma min rana. Ka shiga Dilimi, kasuwar kayan mota ta Jos, gobe da safe, kafin ka gama shan shayi an ɗaura maka.

Maman Hanif: Au, ashe ku ne! Ɗan Rikkos, Allah ya shirye ku. Mu masu ƙananan motoci mu ne muke ɗanɗana kuɗar wannan ranar taku ta tsakar dare. In kuka tunkaro mutum, ba ya ganin kwalta, ba ya ganin gefen hanya, sai dai ya taka birki yana salati.

Ɗan Rikkos: Haba Hajiya, ai ina ganin mota nake mayar da ita dim.

Maman Hanif: Dim ɗinku da ful ɗinku duk ɗaya ne a idonmu, ƙanena.

Rewayan Dilimi: Alhaji, barka da yamma. Kar ka fitar da ko kwabo tukuna. Ka ce hasken ja-ja ne, kuma sabon ƙwai bai canza komai ba. To ni a wurina wannan ba ciwon ƙwai ba ne, wuta ce ba ta isa wurinsa. Motar da ta kai shekara talatin, wayoyinta sun sha zafi, soket ya yi tsatsa, makunnin da ke jikin sitiyari ya cinye. Kowane ɗaya yana ɗan cin nasa rabon, kafin wutar ta kai fitila ta rame.

Gwajin ba wuya. Ka tayar da inji, ka kunna fitila, a ɗora mitar auna wuta a kan batir. In altaneta na caji yadda ya kamata za ka ga tsakanin volt 13.8 da 14.4. Sai a koma bayan fitilar, ƙwan yana a soket ɗinsa yana ci, a gwada tsakanin ƙafafun nan biyu da ke aiki. Kar a cire ƙwan a gwada soket shi kaɗai, domin in babu abin da ke jan wuta mita za ta nuna maka komai lafiya, ta ruɗe ka. In bambancin batir da fitila ya wuce rabin volt, akwai aiki. Na sha ganin tsofaffin motoci da batir ke nuna 14, fitila kuma 11 da ɗoriya.

Mai Dankali: Malam, volt biyu kawai shi zai rage haske haka? Ai ba yawa.

Injiniya Kubwa: Ranka ya daɗe, a wurin halojin yana da yawa ƙwarai. Ƙwan da ke motarka H4 ne, wat 60 a ful, wat 55 a dim. Abin da ma'auni ya tanadar masa shi ne lumen (ma'aunin yawan haske) 1650 a ful, 1000 a dim, amma fa in ya samu volt 13.2. Hasken zaren nan ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, faɗuwa yake yi da sauri. A volt 12 abin da zai ba ka bai kai kashi uku cikin huɗu ba. A 11.5 bai kai kashi biyu cikin uku ba. Kuma da zaren ya rasa zafi launinsa ke komawa ja, wanda shi ne abin da kake gani. Ke nan akwai haske mai yawa da ka riga ka biya kuɗinsa, yana ɓacewa a cikin waya.

Mai Dankali: To in haka ne, me zai hana in sa mai wat 100/90? Akwai wanda ya nuna min shi a tasha.

Rewayan Dilimi: Kul, Alhaji! Wayar da ta kasa ciyar da wat 55 ita za ka ɗora wa 100? Ƙwan 55 yana jan amp huɗu da rabi ko sama kaɗan. Na 100 yana jan fiye da takwas, sau biyu kuma tunda fitila biyu ce. Abin da zai biyo baya: soket ya narke, makunnin sitiyari ya ƙone, wata rana kana tsakiyar gangara fitila ta ɗauke gaba ɗaya. Zafinsa kuma yana dafa kwanon ciki har ya dushe.

Maganin shi ne rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya buɗe wa babbar wuta hanya. Ana jawo waya mai kauri, milimita 2.5, kai tsaye daga batir, a sa fiyus kusa da kan batir ɗin, ta bi ta rile biyu masu amp 30 ko 40, ɗaya na dim ɗaya na ful, sannan ta shiga fitila. Negetif ma a ba kowace fitila tata sabuwa, gajera, a kankare fenti a ɗaure ta a jikin ƙarfe. Tsohuwar wayar mota ba a yanke ta, aikinta ya koma ba rile umarni kawai, abin da ba ya buƙatar wuta mai yawa. Makunninka ma ya huta.

Amma ga inda yara ke faɗawa rami. Tsofaffin Toyota da yawa ba fozitif makunninsu ke yankewa ba, negetif yake yankewa. Wuta tana zuwa fitila, sai ta koma ta bi ta makunnin sitiyari kafin ta sauka a jikin mota. Shi ya sa na ce a gwada tsakanin ƙafafun ƙwai, ba tsakanin ƙafa da bodi ba, don sau da yawa asarar a hanyar komawar take. Wanda bai san wannan ba in ya haɗa maka rile, ko dai dim da ful su kama tare, ko ɗan shuɗin hasken nan na dashbod mai nuna ful ya daina ci. Duk wanda zai yi maka aikin, ka tambaye shi wace waya makunnin ke yankewa. In ya tsaya sosa ƙeya, ka ja motarka.

Ɗan Gangare: Malam Rewaya dai talla yake yi a fakaice 😂

Rewayan Dilimi: Ɗan Gangare, da talla nake yi da LED zan ce ya saya, ai nan ribar take.

Baba Direba: Salamu alaikum. Yarana ne suka karanta min, na ce bari in sa baki. Na yi shekaru ina jan a-kori-kura 504 tsakanin Jos, Saminaka da Zariya, da fitilar kamfani, kuma muna gani. Alhaji, abin da Rewaya ya faɗa haka yake, amma ka leƙa cikin fitilar da rana. Irin taka gilashi ce, ba ta yin rawaya, sai dai kwanon da ke ciki mai ƙyalli shi ke mutuwa. In robar baya ta yage, ruwan damina ya shiga, ƙurar hunturu ta bi, sai ka ga kwanon ya yi toka-toka ko ƙasansa ya yi tsatsa. Irin wannan ko wace wuta ka ba shi ba zai jefa ta nesa ba. Kuma kar wani yaro ya ce zai goge maka shi da tsumma, abin ƙyallin siriri ne ƙwarai, gogewa ɗaya ya tafi. In ya mutu, sai dai a canza fitilar. Sannan a duba ƙwan da aka sayar maka. Akwai H4 na manyan motoci mai volt 24, an rubuta 75/70 a gindinsa, kamarsu ɗaya, yana shiga soket ɗin daram. In aka sa shi a mota mai 12, ja zai yi ta yi.

Mai Dankali: Allah ya ƙara girma Baba. Zan duba gindin ƙwan tun yau.

Ɗan Rikkos: Ni fa ban ce rile ba shi da amfani ba. Amma ku faɗi gaskiya, duk wanda ya sauko Hawan Kibo da dare ya san abin da nake nufi. Tirela ta lalace a kwana, babu fitilar baya, babu komai, sai ɗan ganye da yaron mota ya zuba a kwalta. Ga ramuka, ga shanu na tsallakawa, ga hanyar da ba ka son tsayawa ko rage gudu sosai saboda halin da ake ciki. Sannan duk tankar da ta taho ta ɗaura fitilu shida a goshi. Ni kaɗai zan zauna da halojin kowa na kashe min ido? LED ba ya cin wuta, ba ya wahalar da altaneta, yana daɗewa. Sababbin Hilux ma ai da shi suke fitowa daga kamfani.

Injiniya Kubwa: Ɗan'uwa, maganarka ta hanya gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce LED abu ne mara kyau. Sabuwar motar da ta fito da shi, an ƙera fitilar ne gaba ɗaya dominsa. Matsalar ita ce a ɗauki ƙwan LED a cusa shi cikin kwanon da aka auna wa zaren halojin.

Ka ɗauki H4 ka duba da kyau. Zare biyu ne a ciki, kowanne a wurin da aka auna masa da milimita. Ƙarƙashin zaren dim akwai ɗan ƙaramin cokalin ƙarfe. Shi ke tare hasken da zai sauka a ƙasan kwano ya tashi sama, shi ya sa in ka haska bango kake ganin layi: ƙasa haske, sama duhu. Wannan layin shi ne ke raba haskenka da idon mai tahowa. Zaren kuma siriri ne, yana ba da haske ta kowane gefe. LED faranti ne mai fuska biyu, yana da kauri a tsakani, kuma a yawancin na kasuwa ƙwayoyin ba sa zama daidai inda zaren yake. Kamar ka ari tabarau ɗin likita na wani ne: idonka lafiya, gilashin lafiya, amma ba a auna su tare ba. Sai hasken ya watse, wani ya hau bishiya, wani ya shiga idon Hajiya, mai yawa kuma ya zube nan gaban bamba.

Wannan na gaban bamba shi ke ruɗin mutane. Direba ya ga mita goma na gabansa fari fat, sai ya ce ya samu haske. Alhali idonsa ya tsuke saboda wannan farin, abin da ke can nesa ya ƙara yi masa duhu. A gudun kilomita 80, mota tana cin mita 22 duk daƙiƙa. Abin da ke mita goma ka riga ka taka shi. Tirelar da kake magana, a mita 70 ko 100 kake buƙatar ganinta.

Maman Hanif: Injiniya, Allah ya biya ka. Yau na ji dalilin abin da na daɗe ina gani.

Ɗan Rikkos: To ai akwai masu kyau. Nawa siriri ne, har da ɗan murfin da kake faɗa, kuma yana da layi a bango.

Injiniya Kubwa: Akwai, ban musa ba. Wasu manyan kamfanoni suna yin wanda aka auna sosai, kuma a wasu fitilun yana zama daidai. Amma ba kowane kwano yake karɓarsa ba, sai an gwada. In Alhaji ya nace sai LED, hanya mafi tsafta ga irin motarsa ita ce ya sayi fitilar gaba ɗaya. Masu kusurwa huɗun nan inci 5 da 7 ne a yawancinsu, kuma ana yin cikakkiyar fitilar LED a wannan girman, da nata gilashin da aka auna mata. Mai kyan tana da tsada. Wadda ba ta da kyau kuwa ado ce kawai.

Rewayan Dilimi: Bari in ƙara da abin da ke zuwa hannuna. Ana kawo min kwali an rubuta wat 300 a jiki. In na ɗora mita sai in ga amp biyu yake ja, wato bai kai wat 30 ba. Rubutun kwali ba a biyan haraji a kansa. Na biyu, LED ta baya yake zafi, shi ya sa ake maƙala masa 'yar fanka. A hanyar Bokkos da Mangu lokacin rani, wannan fankar ƙura take sha har ta tsaya, in ta tsaya haske ya ragu ko ƙwan ya mutu. Na uku, gindinsa ƙato ne, sai yara su cire robar bayan fitila su jefar don ya shiga. Damina ɗaya kwanon ya gama aiki, kamar yadda Baba ya faɗa. Araha dai ba ta ado. HID kuwa, ƙwan nan mai gas da ba shi da zare, a kwanon halojin kar ma a kawo zancensa, ya fi LED kashe ido, sai in fitilar mai firojekta ce, wato mai gilashin da ke tattara haske.

Ɗan Gangare: Tunda an zo nan, ni Vigo ce da ni ta 2008, murfin fitilar ya yi rawaya ya dushe. An ce man goge baki yana wanke shi.

Rewayan Dilimi: Yana yi, na kwana kaɗan. Taka roba ce, rana ce ta cinye fatar da kamfani ya shafa mata. A bi ta da samfefa da ruwa, daga 800 zuwa 1000, 1500, 2000, a yi folish, sannan dole a fesa mata kiliya, wato fenti marar launi, mai jure rana. In ba a fesa ba, rawayar za ta dawo fiye da da.

Injiniya Kubwa: Wanda kuma zai sayi fitila ta gwanjo, ga abin dubawa. Tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Layin dim ba a miƙe yake ba, yana ɗan ɗagawa ta gefe ɗaya don ya haska bakin hanya da allo. Tamu ta dama take ɗagawa. Fitilar da aka ciro daga motar Japan, Ingila ko Tailan, inda suke bin hagu, ta hagu take ɗagawa, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa, kai kuma bakin hanyarka duhu. Hilux da yawa a Tailan ake ƙera su, don haka irin wannan fitilar tana yawo a kasuwa. Ka duba gilashin kusa da alamar E. In ka ga kibiya mai kai ɗaya tana nuna damanka kana fuskantar fitilar, ta masu bin hagu ce, ka ajiye musu. Wadda babu kibiya ita ce tamu. Mai kai biyu tana yin duka.

Baba Direba: Ni abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu shi ne son farin haske mai shuɗi-shuɗi. Ku da kuke Jos? A watan Agusta in hazo ya sauka daga Riyom zuwa Hawan Kibo, ko a hunturu in ƙura ta tashi, wannan farin dawo maka yake yi a fuska. Faransa da ta ƙera mana Fijo, har zuwa 1993 doka ce a can fitilar mota ta zama rawaya.

Injiniya Kubwa: Haka ne Baba. Sai dai in ƙara cewa rawayar ba huda hazo take yi ba, ido ne ya fi jure ta, ba ta gajiyar da shi kamar mai shuɗi. A ma'aunin launin haske, halojin yana wajen 3200K, LED na kasuwar nan 6000K ne ko sama, shi ya sa yake shuɗi-shuɗi. Abin da ya fi launi muhimmanci a hazo shi ne inda aka ɗaura fitilar: ƙasa, a bamba, haskenta mai faɗi kuma a kwance. Ful a cikin hazo kuwa kashe kai ne.

Ɗan Rikkos: Wato dai ni ne mai laifi a zauren nan. To masu dogon sandan LED a saman mota fa? Su ba ku gan su ba?

Maman Hanif: Su ai sai addu'a. Har cikin gari, daga Terminus zuwa Bukuru, mutum ya kunna abin nan a bayanka, madubi ya zama ba ya dubuwa.

Rewayan Dilimi: Sandan yana da wurinsa. Alhaji da ke shiga ƙauyukan Bokkos kafin asuba, hanyar burji, babu kowa, zai amfane shi. Amma ni in zan haɗa, ta layin ful nake ba rile ɗinsa umarni, da nasa makunnin daban. Ka mayar dim, ya mutu da kansa. Wanda ya ce in haɗa masa kai tsaye, sai ya nemi wani.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba da hankali, ba faɗa ake ba. Ɗan Rikkos, ba kai ake nufi kai kaɗai ba.

Baba Direba: Akwai abu guda da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi shafar mai ɗaukar kaya. Alhaji, in ka loda buhunan dankali baya ya zauna, ina hancin motar yake kallo?

Mai Dankali: Sama kam, Baba. Shi ya sa ma in na yi lodi kowa ke yi min ful, ni kuwa a dim nake.

Injiniya Kubwa: Baba ya taɓo inda yake. Ga lissafin. Ana saita dim ne ya sunkuya kamar kashi ɗaya cikin ɗari, wato in ka tsaya mita 10 daga bango a fili mai daidai, layin hasken ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar. Wasu fitilun ma an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikinsu. To tsakanin tayar gaba da ta baya a irin motar Alhaji ya kusa mita uku. In lodi ya danne baya da santimita 5 kawai, hasken ya ɗaga kusan santimita 17 a wannan bangon. Ka ga ya cinye sunkuyon duka har ya haura sama. Kwalta ta rasa haske, idon mutane ya samu. Tsohon sifirin kuwa ya fi santimita 5 zama.

Mai Dankali: To da kaya zan saita ko babu kaya?

Rewayan Dilimi: Da wanda ka fi tafiyar dare da shi. Kai da kaya kake tafiyar dare, ka dawo wayam da rana, don haka a saita da kaya. Sukurori biyu ne a kowace fitila, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. Ka rufe ɗaya da kwali ka saita ɗaya. Taya kuma ta kasance da iskarta daidai.

Mai Dankali: Jama'a barkanmu da war haka, na dawo da rahoto. An gwada yau. Batir 14.1, bayan fitila 11.6. Ƙwan na 12 ne, kwano ɗaya lafiya, na hagu ya ɗan dushe ta ƙasa. An sa rile biyu da sabuwar negetif, yanzu fitila na samun 13.8. Da ƙwan nan dai na da, amma sai ka ce wata mota ce. Saura saiti, sai na yi lodi ranar Juma'a.

Injiniya Kubwa: Daga 11.6 zuwa 13.8, hasken ya kusa ninkawa. Sai dai ka riƙa ajiye ƙwai ɗaya a mota, domin yanzu da yake cin cikakkiyar wuta ba zai kai tsawon ran da yake yi a da ba. In za ka sa, kar yatsa ya taɓa gilashinsa, maiƙon hannu yana sa shi ya fashe da wuri. In kana son ƙari nan gaba, akwai irin su Osram Night Breaker da Philips RacingVision, wat ɗinsu 60/55 ne dai, sun fi haske amma sun fi saurin mutuwa.

Ɗan Rikkos: Ma sha Allah Alhaji. Amma ni har yanzu ina kan bakana, tawa ta fi taka haske. Gani ya kori ji. Ranar Juma'ar in za ku yi saitin ku faɗa min bangon da za ku, in kawo tawa a jera su.

Maman Hanif: Ku jera su, amma ba bango kaɗai za a duba ba. Zan zo da motata in tsaya daga nesa ina fuskantarku, kowa ya sa dim, kai kuma Ɗan Rikkos ka zo ka zauna a kujerata.

Rewayan Dilimi: Bayan isha'i ke nan, sai duhu ya yi sosai. Wani ya taho da tef na awo da alli. Alhaji, ka zo da lodinka yadda yake, kar ka sauke ko buhu ɗaya.